Buhun Dawar Goggo da Jan Layi

Mun tashi da asuba daga Rikoto, ni da ma'aikatan jinya biyu, zuwa filin da jirgi mai saukar ungulu ke jiranmu. Ruwa ya cinye hanyar Kanya, kuɗin babur ɗin kabu-kabu ya ninka, shi ya sa wata ƙungiyar lafiya ta ɗauko jirgi don kai magani. Ni ɗalibin injiniya ne. Aikina in auna kowane kwali in rubuta nauyinsa, ko rabin kilo ban bari ba.

Daga sama gonakin dawa kore shar, duwatsun Zuru kamar tulunan da aka kife. Matuƙin ya ga ina leƙen wani agogo, ya ce shi ke nuna ƙarfin murɗawar da inji ke ɗora wa giyar da ke juya fukafukai. Na ce na karanta: nauyi na ƙara murɗawar, zafin rana kuma na rage wa inji numfashi. Ya yi dariya, ya ce, "Ashe malami muka ɗauko."

A Kanya mun ci tuwon dawa da miyar kuka a gidan goggona. Da za mu fito ta nuna mini wani buhun dawa. "Ɗan nan, kai wa innarka. In ka ƙi, ni ka ƙi." Na ɗauka. Na cusa shi bayan kujerar jirgi, ban auna ba, ban rubuta ba.

Da azahar aka kawo wata mata da naƙuda ta yi wa tsawo, za a kai ta asibitin Zuru. Jirgi ya ɗaga kaɗan, allurar agogon nan ta haura ta taɓa jan layi. Matuƙin ya mayar da mu ƙasa, ya duba takardata.

"Malam, takardarka ta ce da saura, agogo ya ce babu. Wa ke ƙarya?"

Matar tana nishi. Na jawo buhun a gaban jama'a, Goggo na tsaye cikinsu. Matuƙin ya ce ni ma in sauka, rana ta yi zafi. Suka tashi, allura na ƙasa da layi.

Washegari na dawo gida a kan kabu-kabu, laka har gwiwa, buhu a cinyata. Matar ta sauka lafiya, aka ce mace ce. Abin da na koyo: ni na ji kunyar Goggo, inji bai san ta ba. Har yau ban iya cin tuwon dawar nan ba.