Kawu Bala da Bakoriyensa

Kawu Bala ne kaɗai mutumin da na sani a duniya da yake yi wa ƙwallon badminton surace. Ku da muke haɗuwa a kot ɗin Wangsa Maju nan Kuala Lumpur ranar Lahadi kun sha taɓa shatil ɗinsa kuka ji ɗan danshi, ba ku san daga ina ba. To, daga kicin ɗin matarsa Anti Rabi ne. Kafin mu fito sai ya ɗora buta, idan ta tafasa ya riƙa kara shatil a kan tururin ɗaya bayan ɗaya, wai gashin ya yi laushi kada ya karye da wuri. Rannan butar ta lalace, sai kawai ya buɗe tukunyar farfesun da ke kan wuta. Anti ta shigo ta kama shi.

Ta ce, "Alhaji, gashin agwagwa a kan abincina?"

Ya ce, "Na dinya ne, Rabi, ba na agwagwa ba. Ki dinga ba abu girmansa."

Ranar duk wanda ya kai duka sai ya ji ƙamshin daddawa.

Kun ce in rubuta abin dariya a kansa, tunda ni ne ɗan ƙanwarsa, ni ne kuma abokin wasansa na shekara tara. Zan rubuta. Amma ku sani haushinsa nake ji, kuma bai huce ba. Mutumin nan ya bar duniya ina gaba da shi, sati bakwai ban ce masa uffan ba, kuma shi ya kitsa hakan da kansa.

Duk tsiyar daga wani Bakoriye ta faro, wato mutumin ƙasar Koriya. Ba zan kira sunansa ba, na ji shi har ya gundure ni. Ƙwararren ɗan wasan bibbiyu ne, irin mai tsayawa a baya yana sauke duka. Kawu ya fara ganinsa ne a talabijin ɗin wani mamak, wato gidan abinci da shayi, da ke bayan Jalan Tuanku Abdul Rahman, inda yake sarin yadi da mayafai yana turawa Kano. Washegari mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, da tumbinsa da komai, ya je ya sayo raket. Ya haddace rayuwar bawan Allahn nan kamar shi ya haife shi: ya fara da wasan ɗaiɗai, koci ya mayar da shi bibbiyu, ya tafi aikin sojan dole ya dawo, aka yi masa aiki a gwiwa, ya sake abokin wasa sau uku. Idan ka tambayi Kawu shekarun autarsa sai ya ƙwala wa Anti kira. Amma ka tambaye shi wace gwiwa aka yanka wa Bakoriye, kafin ka rufe baki ya ce ta hagu.

Shekarar da mutumin ya zo wasa Bukit Jalil, Kawu ya ja ni muka je. Fili ya cika maƙil da 'yan ƙasa, ga ganguna, kuma da yaransu Bakoriyen zai kara. Muka zauna a tsakiyarsu, Kawu cikin babbar riga da hula. Duk sanda suka ɗauki "Malaysia boleh", wato Malaysia za ta iya, sai ya jira su lafa, ya miƙe tsaye, ya ce da ƙarfi, "Tak boleh," wato ba za ta iya ba.

Na ja masa riga na ce, "Kawu, don girman Allah ka zauna. Bizar ɗalibi gare ni."

Ya ce, "Sake ni, ba bizarka na zo kallo ba."

Can wata tsohuwa a bayanmu ta gaji, ta maka masa dogon balan-balan ɗin nan da ake yin tafi da shi, hula ta yi gefe. Ya ɗauka ya kaɗe, ya juya ya ce mata da Hausa tsantsa, "Hajiya, hannunki ya fi na yaranku nauyi. Da ke aka sa, da an yi wasa." Ni na san gumin da na yi kafin mu kai tashar jirgin ƙasa.

Ranar da Bakoriyen ya yi ritaya kuwa, wasunku na cikin waɗanda abin ya ritsa da su. Kawu ya rubuta a gurup, "Yau mun yi babban rashi, sai haƙuri," ya kashe waya. Alhaji Sule ya baro darasi a Pantai Dalam, ya sake jirgi sau biyu, wasu har da tapau, ƙunshin dafaffiyar shinkafa, don masu zaman makoki. Suka tarar da shi a kan tabarma yana kallon tsohon wasa.

Alhaji Sule ya ce, "Bala, waye ya rasu?"

Ya ce, "Ba wanda ya rasu. Raket ya ajiye."

Ya karɓi shinkafar nan ya cinye ta tas a gabansu, sannan ya ce tunda dai sun zo, a shafa fatiha.

A kot kuwa ni na ga takaina. Shi a baya, ni a gaban raga, don a baya Bakoriye yake tsayawa. Dokarsa ita ce duk shatil ɗin da ta biyo tsakiya tasa ce. Sai ya ce "Tawa", in kauce, ta faɗi tim a tsakaninmu.

"Nasiru, me ya sa ka bar ta?"

"Kai ka ce taka ce, Kawu."

"Idan na ce tawa, ai sai ka shirya."

Idan ya buga waje, iska ce. A zauren da ko taga babu, fanka ma kashe ta ake yi. Sau nawa ya ɗirka mini shatil a ƙeya, in juyo, ya ce, "Kan ne ya yi girma. Gadon gidan ubanku ne, mu a danginmu babu wannan." Duk na shanye. Shekara tara ban tsaya a kot da kowa ba sai shi. Daga jin takunsa a bayana na san ɓangaren da zan kauce, ba sai na waiwaya ba.

Sai wata Lahadi, saura sati uku gasar unguwa da muka kwashe shekara muna shirinta, ya shigo babu jaka babu raket. A gabanku duka ya tsaya ya ce, "Nasiru, daga yau ka nemi abokin wasa. Ka yi nauyi, ƙafarka ta mutu, kai kake ja mini baya. Ga Mubarak mai shagon waya nan, ku je ku ƙarata."

Na ɗauka tsokana ce. Na ce, "Kawu, ni ne na yi nauyi? Ni?"

Ya ce, "Kai fa. Mutumina ma sau uku ya sake."

Wasunku suka yi dariya. Na san ku ɗaya bayan ɗaya, ban manta ba. Na zuge jakata na fita, ban ƙara taka gidansa ba. Ya kira ni sau biyu, ina kallon wayar har ta katse. Ranar Juma'a na hango shi a masallaci na sake ƙofa. Na shiga gasar da Mubarak don kawai in ƙona masa rai, muka kai har wasan kusa da na ƙarshe. Daga baya aka ce mini ya zo ya zauna can baya, ya tafi kafin a tashi.

Ranar wata Talata da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a shago. Da muka dawo daga maƙabarta Anti Rabi ta kira ni kicin, ta ce wata biyu ke nan likita ya ce zuciyarsa ta kumbura, ya hana shi gudu, ya hana shi ko hawa bene.

Na ce, "Anti, kuma aka ɓoye mini?"

Ta ce, "Rantsar da ni ya yi. Ya ce idan ka sani za ka ajiye raket ka zo ka tare a nan kana kallonsa da idon tausayi, shi kuwa gara ka zage shi. Ya ce haka mutuminsa ya yi da gwiwa ta ƙi: shi ya je da kansa ya ce wa koci a raba shi da abokin wasansa, kada ya cinye masa shekarunsa."

Labarin nan na san shi. Na ji shi a jirgi, na ji shi a mamak, na ji shi har ina gyangyaɗi. Duk Kuala Lumpur ni kaɗai aka tilasta wa haddace tarihin Bakoriyen nan, kuma da aka yi mini shi a gaban idona ban gane ba.

Haba Kawu. Mutuminka ritaya ya yi, yana nan da ransa, abokin wasansa zai iya ɗaga waya yau ya kira shi su sha shayi. Ni wa zan kira? Wa ya gaya maka gasar Wangsa Maju da kofinta na roba ta fi mini zama kusa da kai? Ka yanke mini hukunci kai kaɗai, ka bar ni ina sake ƙofa a masallaci kamar wani sakarai. Kiran nan biyu da na ƙi ɗauka kam laifina ne, ba zan ɗora maka ba. Sauran duk naka ne, kuma da kana nan da sai na faɗa maka a gaban kowa.

Ya Allah, ga Bala nan ya zo maka da taurin kansa. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka ba Anti Rabi da yara haƙuri. Zagin da ya yi mini na yafe tun a maƙabarta. Sati bakwai ɗin nan ne har yanzu suka tsaya mini a wuya, ka taimake ni in yafe mana su, ni da shi. Amin.