Dogon Lens da Ƙaramin Ɗakin Mama

Edita, sannunku da aiki. Na daɗe ina so in rubuto muku wannan abu, sai in fara in ajiye. Ku sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da tara, da aurena da 'ya'ya biyu, muna zaune a Akurba nan Lafia. Sana'ata ɗaukar hoto. Mata masu wannan sana'a ba mu da yawa a garin, shi ya sa ban cika rasa aiki ba. Suna, walima, kamu, duk wani taro na cikin gida da ba a son namiji ya shiga, ni ake kira. Na koyi aikin ne a wurin wani dattijo ɗan ƙabilar Tibi, mutumin Agyaragu, wanda ke da shagon hoto kusa da kasuwa. Baba muke ce masa. Shekara uku na yi a hannunsa kafin na sayi kamarata, ƙarama, da lens ɗin da ta zo da shi. Lens shi ne idon gilashin da ake ɗaura wa kamara a gaba. Nawa irin mai zuƙowa ne, kina tsaye wuri ɗaya za ki jawo mutum kusa ko ki buɗe ki kwashe ɗaki gaba ɗaya. Matsalarsa guda, ba ya son duhu. Yawancin aikina kuwa a ɗakuna ne, ko bayan magariba, sau da yawa babu wuta. In na kunna filas, wato hasken kamara, fuskokin mata su yi ƙyalli kamar an shafa musu man gyaɗa, in na kashe hoton ya yi dishi-dishi. Na gaji da ba mutane haƙuri.

Daga nan na shiga kallon hotunan wasu a waya. Za ki ga fuskar mutum ta fito tsaf, har gashin ido ana ƙirgawa, bayansa kuwa duk ya narke, fitilun titi sun zama ƙwallaye masu laushi. Na bincika, na gano irin lens ɗin da ke yin haka: dogo ne, ba ya zuƙowa, tsawonsa ɗaya tak, amma ƙofarsa tana buɗewa sosai, haske kaɗan ya ishe shi. Akwai mai lamba hamsin, akwai tamanin da biyar, akwai ɗari da talatin da biyar. Yadda lambar take hawa haka yake ƙara jawo abu kusa, haka kuma baya yake ƙara narkewa. Zuciyata ta kafe a kan na ƙarshen. Wata da watanni ba ni da zance sai shi, har maigidana ya daina amsa mini in na ɗauko maganar.

Na je na gaya wa Baba. Ya saurare ni yana goge wata tsohuwar kamara, sannan ya ce in ɗauki hamsin. Ya ce kamarata irin ƙananan nan ce da ke ƙara wa kowane lens tsawo, don haka ɗari da talatin da biyar a jikinta zai koma kamar ɗari biyu, na masu ɗaukar 'yan ƙwallo daga bakin fili. Ya kuma ce in aka buɗe ƙofarsa duka, wurin da zai fito ras bai wuce kaurin tafin hannu ba, mutum biyu ma in ba su daidaita kafaɗa ba, ɗaya zai dushe. Baba da “kai” yake kiran kowa, mace da namiji. Ya dube ni ya ce, “Kai a ɗakin mata kake aiki. Za ka tsaya ina ka ɗauka? A gidan maƙwabci?” Na yi dariya, a raina ina cewa tsoho ne, zamani ya wuce shi. Na sami wani mai sayar da na hannu a Abuja. Abin da na tara bai kai ba, sai ya ce in haɗa masa da tsohon lens ɗina. Na haɗa. Ban gaya wa Baba wannan ba.

Gaskiya makonnin farko na ji daɗinsa. Na ɗauki wata amarya a waje da yamma liƙis, ni ina can nesa kusan tsallaken titi, hoton ya fito kamar ba a Lafia aka yi shi ba. Mutane suka yi ta yabo, kaina ya kumbura. Ayyukan cikin gida da suka zo a lokacin na riƙa fito da mutane tsakar gida, ina ja da baya har ina bugun bango. Na ga alamar matsala, na kawar da kai.

Ana cikin damina wata ma'aikaciyar jinya ta neme ni. Ta girme ni sosai, Anti nake ce mata, ita ce ta karɓi haihuwar ɗana na biyu. 'Yar Alago ce daga Keana, Kirista. Ta ce mahaifiyarsu ta tsufa, jiki ya yi rauni, kuma 'ya'yanta bakwai za su haɗu a gida ranar Asabar, abin da suka yi shekaru ba su samu ba, wasu daga Jos, wasu daga Makurdi, ɗaya daga Legas. Ta ce Mama duk rayuwarta dafa gishiri ta yi, da shi ta yi musu makaranta, kuma ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, in ban da na katin zaɓe. Ko waya aka ɗaga sai ta rufe fuska da zane. Wannan karon ne kawai ta amince, da sharaɗin mace ce za ta ɗauka, kuma kada a haska mata filas domin idonta na ciwo. Na ce wa Anti ta kwantar da hankalinta, ina da sabon kayan aiki da ba ya buƙatar filas ko kaɗan. Har da alfahari na faɗa.

Mun shirya za a yi a tsakar gida da la'asar. Muna isa Keana ruwa ya sauko, bai tsagaita ba sai dab da magariba, kuma ko da ya tsagaita ana yayyafi, ga sanyi. Aka ce ba za a iya fito da Mama ba, sai dai a yi a ɗakinta. Na leƙa ɗakin. Gado ɗaya, kujera ɗaya, buhunan gishiri biyu a lungu, daga ƙofa zuwa bango bai fi taku huɗu ba. Babu wuta, sai fitilar caji guda biyu. Na ɗaga kamara daga bakin ƙofa, abin da na gani kunnen mutum ɗaya ne da rabin kumatu. Na fita tsakar gida, na yi ta ja da baya cikin yayyafi har na kai bakin rijiya, ina leƙo su ta ƙofa. Daga can ma mutum uku ne ke shiga a jere. Maimakon in ce musu kayan aikina ba za su iya ba, sai na ce su jeru gaba da baya, layi uku: Mama a kan gado can ciki da manyan 'ya'yanta, wasu a durƙushe gabansu, jikoki a zaune a ƙasa. Na buɗe ƙofar lens ɗin har ƙarshe saboda duhu. Babban ɗan Mama ya fito da wayarsa, ya ce bari shi ma ya ɗauki ko guda ɗaya. Na ce masa don Allah Yaya ya mayar da ita aljihu, kada Mama ta ga wayoyi ta fasa, ni zan turo wa kowa. Gaskiyar ita ce ban so a ajiye hoton waya kusa da nawa ba. Ya ce to, ya mayar.

Na ɗauki kusan ashirin. Na duba a ɗan gilashin bayan kamara, na ga fuskoki, na ce ya yi. Sai na ce a bar Mama ita kaɗai. A lokacin ta gaji, kanta na rawa, ni ma hannuna na rawa don sanyi da nauyin lens. Na danna sau uku, ta ce wani abu da Alago, kowa ya yi dariya, ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Anti ta fassara mini, wai ta ce yarinyar nan tsoronta take ji ne da ta tsaya can nesa kamar mai harbin tsuntsu? Aka ba ni gishiri a ƙullin leda, aka yi ta sa mini albarka.

Washegari da safe na buɗe hotunan a kwamfuta. Wata jika da ke zaune a gaba, ita kaɗai ta fito, har ɗan kunnenta ana gani ras. Na bayanta sun fara dushewa. Mama kuwa, can a layi na uku, babu ido babu baki, sai farin kallabi da wani duhu a ƙarƙashinsa. Duka ashirin ɗin haka suke. Ukun da na yi mata ita kaɗai sun girgiza, fuskar ta rabu biyu. Na zauna ina kallo har shayina ya huce.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi sayen lens ɗin muni. Keana ba nisa gare ta ba. Da na kira Anti a ranar na gaya mata gaskiya, da na ari lens a wurin Baba na koma, ko ban sami 'ya'yan duka ba zan sami Mama. Amma zuwa wurin Baba yana nufin in faɗa masa na bayar da tsohon lens ɗina, kiran Anti kuma yana nufin in janye alfaharin da na yi. Sai na ce bari in gwada gyarawa. Na yi ta jan hoton nan a kwamfuta, na sa shi a wata manhajar waya da aka ce tana fito da fuska. Ta fito da fuska kuwa, amma ta wata tsohuwa ce daban wadda ban taɓa gani ba. Anti ta kira sau biyu, na ce ina kan gyara, aiki ne ya yi mini yawa. Kullum ina cewa gobe zan faɗa mata. Kwana tara ina haka. A na goma ta kira da asuba, muryarta a dushe, ta ce Mama ta tafi, kuma suna son hoton nan na ita kaɗai domin takardar jana'iza da allon da za a kafa a ƙofar gida.

Ban iya faɗa a waya ba. Na ɗauki kwamfutar na hau babur zuwa gidanta. Na same ta tana haɗa kaya, na durƙusa na buɗe mata, na faɗi komai, har da kwana taran. Ta daɗe tana kallo, tana wucewa ɗaya bayan ɗaya, ta koma farko. Ba ta ɗaga murya ba. Abin da ta ce kawai shi ne, “Ƙanwata, da kin gaya mini. Ranar Laraba ma ina can, ta tashi zaune har ta ci abinci.” Na so a ce zagina ta yi. Da hoton katin zaɓe aka yi jana'izar, an faɗaɗa shi har ya farfashe. Na je, na zauna a baya, ban ɗauki kamara ba. Babban ɗan ya gan ni, ya amsa gaisuwata, ya kawar da kai. Bai tayar da maganar wayarsa ba.

Na yi kusan wata biyu ban karɓi aiki ba. Da na je wurin Baba, bai ce ai ya faɗa mini ba. Ya buɗe durowa ya miƙo mini wani tsohon hamsin, ya ce in riƙe har in sami nawa. Dogon kuma na sayar da shi ga wani mai ɗaukar taro a fili, inda ya dace da shi. Lens ɗin ba shi da laifi, yana yin abin da aka ƙera shi ya yi. Ni ce na zaɓe shi domin hotunan wasu mutane a wasu wurare, ban zaɓe shi domin ɗakunan da nake shiga ba.

Shekara huɗu ke nan. Ina nan ina sana'ar, amma wani ɗoki da nake da shi a da ya tafi, bai dawo ba. Ga masu shirin sayen irin wannan lens, musamman ƙannena mata da ke shigowa aikin, ku fara auna inda kuke aiki da ƙafarku, taku nawa ne daga ƙofa zuwa bango. Ku ara ku gwada a jikin kamararku kafin ku saya. Kada ku rabu da tsohon don sabo. In mutane sun fi ɗaya, ku rage buɗin ƙofar, ku nemo ƙarin fitila, kuma ku faɗaɗa hoton ku duba kowace fuska kafin kowa ya tashi. Wanda ya ɗaga waya ku bar shi ya ɗauka. In kuma aiki ya lalace, ku faɗa a ranar, tun ana iya komawa.

Wata shida bayan jana'izar Anti ta aiko a wanke mata ɗaya daga cikin hotunan taron, babba, a sa a firam. Na aika mata cewa Mama ba ta fito a ciki ba, ko ta manta ne. Ta ce ba ta manta ba, ita ta san inda uwarta take zaune. Na wanke, na kai mata da kaina. Yana rataye a falonta, kuma duk ranar da na shiga gidan sai na nemi kujerar da ta ba shi baya.