Muryar Yaya Balki da Ba Mu Ajiye Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Balkisa, wadda mutanen Dogon Dutsi suka fi sani da Balki Ba'amurkiya. Ba ta taɓa wuce Yamai ba. Sunan ya biyo ta ne saboda wani kaset da wani direba ɗan unguwarmu ya kawo mata tana budurwa, na wata mawaƙiya 'yar Amurka da ke fitowa a fim. Balki ba ta jin Ingilishi ko kalma guda, amma ta haddace kaset ɗin kaf, har inda matar ke jan numfashi. Daga baya ta riƙa ɗora kalmomin Hausa a kan karin, tana daka tana rerawa.

Da haka ta shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gidan matasa. Sun yi wasa a Matankari, sun yi a Tibiri da Dumega, a kan rigakafi da sa ɗiya mata lakwal, wato makarantar boko. Na ga tsofaffin da suka tashi da goge da kiɗan bori sun yi tsit suna sauraronta. Labarin waccan mawaƙiyar kuwa ni nake karanta mata daga jaridun Faransanci: manyan dandali, fina-finai, lambobin yabo. Da muryar matar ta fara dushewa, jaridun da suka ɗaga ta suka koma yi mata ba'a, Balki ta ce, "Ashe can ma haka mutane suke."

Sai gari ya sauya. Wa'azi ya yi ƙarfi a bakin samari 'yan kasuwa, waƙar mace a bainar jama'a ta zama abin kunya. Ba zan ɗora musu laifin duka ba, domin ni ne na taka har gidanta. An ba ni shugabancin lakwal a lokacin, na kuma gaji da habaicin da ake yi mini a ƙofar masallaci.

Na ce, "Yaya, ki dubi girmanmu, ki bar waƙar nan."

Ta ce, "Mi na yi maka na kunya, Sale?"

Na miƙe zan tafi. Ta ce, "To, na bari."

Ta bari kuwa. Shekara goma sha ɗaya ta ƙara a duniya tana tuyar ƙosai a bakin tasha, ban sake jin ta rera ko ta lallashin jariri ba. An ce ɗan'uwa rabin jiki. Ni ne rabin da ya shanye mata.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. 'Yan mata na waƙa cikin ɗakunansu, waya na kai ta ko'ina. Wasu da suka zage ta suna sauraren kiɗa a shagunansu, sun rage sauti. Waccan mawaƙiyar ita ma ta rasu, amma da taɓawa ɗaya muryarta za ta cika ɗaki. Ta Balki sau ɗaya aka taɓa ɗauka a kaset. Na bi sawunsa bara, aka ce an daɗe da ɗora sanarwar biki a kansa. Da na sani ƙeya ce.

To me ya rage? Laƙabi, da tsofaffi 'yan kaɗan da ke tuna ta, su ma kowace damina ana raguwa.

Makon jiya ɗiyarta Nafisa, wadda aka haifa bayan ta daina waƙa, ta kawo mini shayi ta zauna. Ta ce, "Kawu, rera mini ko baiti guda na Inna." Na buɗe baki, karin ya zo daidai, amma karin na 'yar Amurka ne. Kalmomin Balki ko ɗaya ban samu ba. Nafisa ta jira ni har shayin ya huce, sannan ta ce, "Ba komi, Kawu," ta ɗauki kofin ta shiga ciki.