Ranin da Inna ta koma gidan ƙanena

Ni ne ɗan farin Inna, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son magana da ni sai ta dubi bango ta ce, "A gaya ma mai gidan nan," ko da mu biyu ne kawai a tsakar gida. Ƙanena kuwa auta ne, da sunansa take kiransa, tana ja masa kunne har ya yi gemu. Haka al'ada take a Kurfai, ban kuma taɓa jin zafinta ba sai da yunwa ta zo.

Mahaifinmu ya rasu ƴan shekaru bayan Nasara masu mulki sun bar ƙasarmu. Na samu gidan da babbar gona, ƙanena ya samu ƙaramar gona ta yamma, ya kafa bukkokinsa a bakin gari. Inna ta zauna wurina.

Akwai wani tsohon Bahillace da yake sauka gonar mahaifinmu kowane rani. Shanunsa su ci kara, su kwana a wurin, su bar taki, mu kuma mu ba shi damin hatsi. Bayan kwanaki yakan matsar da garken gaba, har ya zagaye gonar. Ni na yi aji huɗu a lakwal, makarantar boko ta Filinge, ina ganin na fi na gida wayo. Kakar farko da gonar ta zama tawa, na kwashe karan duka na sayar wa masu darni da masu turkar raguna. Tsohon ya zo ya tarar da fili fetal.

Ya ce, "Ɗan abokina, ina abincin shanu?"

Na ce masa bana babu.

Ya ce, "To, madalla." Ya kora shanunsa ya yi yamma. Ƙanena ya tarbe shi da ƙwaryar fura, tun daga nan gonarsa tsohon yake sauka.

Shekarun da ake ruwa ban ga wani bambanci ba. Da ruwa ya fara ɗaukewa da wuri, ƙasata ta yi fari kamar toka. Hatsina bai wuce gwiwa ba, zangarniyarsa kamar yatsa. Gonar ƙanena ita ma ta sha wuya, amma ta ba da abin da ta ba da. Da farko nakan yi zagaye don kada in bi ta gefenta. Daga baya sai na kama kaina ina bi da gangan, in tsaya ina kallo. Ran da ƙanena yake jera dammuna a rumbu mutane suna cewa Allah ya sa albarka, ni ma na faɗa, da bakina kawai.

Shekara ta biyu ta fari, rumbuna ya ƙare kafin sanyi ya fita. Muka koma ga dusa da ƴaƴan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwanaki kafin ɗacinsu ya ragu. Cikin Inna bai karɓe su ba. Takan taɓa kaɗan ta tura wa jikokinta sauran.

Wata safiya ƙanena ya zo ya durƙusa.

"Yaya, a bar Inna ta taho wurina har ruwa shi sauka."

Na ce, "Mi ta rasa nan?"

"Ba ta rasa komi ba. Matata ce ke son abokiyar hira."

"Nan ne gidan ubanmu. Ba inda za ta."

Bai ja ba. Amma Inna ta fara zuwa can da safe, wai tana taya surukarta kaɗin auduga, ta dawo da la'asar. Wata rana ta dubi bango ta ce, "A gaya ma mai gidan nan ƙafata ba ta iya zuwa da dawowa."

Na ce, "A gaya mata ta zauna inda ta fi so."

Na zaci za ta ce nan. Ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki butarta.

Nakan je gaishe ta ranar Juma'a. Tun daga waje nake jin dariyarta, tana kiran sunansa tana yi masa tsiya. In na yi sallama sai ta gyara mayafi ta yi shiru. Ta ɗan yi kumari. Na ji daɗin ganin haka, amma akwai wani abu tare da daɗin da ba na son faɗin sunansa. Ban taɓa zama har in sha ruwa ba.

Ta rasu gab da damina, ciwon ƙirji ne, ba yunwa ba. A ƙofar gidan ƙanena aka yi zaman makoki. Dangi daga Tabla da Bonkuku suka riƙa wuce ƙofata suna tambayar hanyar gidan auta. Ran sadakar uku aka daka gumba da hatsinsa. Ya zaunar da ni a tabarmar gaba, ya ajiye ƙoren gumbar a gabana.

Ya ce, "Yaya, kai za ka raba."

Na raba da hannuna. Baƙin da ba su san komai ba suna karɓa suna cewa, "Allah shi saka maka, ka riƙe tsohuwa har ƙarshe." Ina amsawa da amin. Ƙanena yana zaune a bayana, ya bar su a kan haka. Na san alheri ya yi mini. Har yau ban iya gode masa ba.