Sawun Kad Mai Rami Biyu

Shekarun baya ne, amma lokacin bai ɓace mini ba. Wata Laraba, ƙarfe bakwai da minti goma na safe, na durƙusa gaban mahaifina yana shan koko, na yi masa ƙarya. Na riƙe lokacin ne saboda ni irin mutanen nan ce da in za su yi wa babba magana sai sun kalli agogo sau uku suna jan ƙafa.

Laftof ɗaya ce a gidanmu na Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa. Ta yayana ce, amma tun da na shiga jami'a ta zama rijiyar unguwa. Ni in yi aikin makaranta da safe, mahaifiyata da matan da ke taya ta ƙulla alawar madara su kalli fim mai fassarar Hausa bayan la'asar, shi kuma ya buga gem in ya same ta tana hutawa. Ana nan sai ramin da ake soka hedifon ya saki. In ka soka, kunne ɗaya ya yi magana, ɗayan ya yi gum, sai ka danne da yatsa. Sifikar cikinta kuwa dama ta daɗe da shaƙewa. Yayana ya duba ya ce gara a sayi sawun kad na waje, 'yar na'urar nan da ake soka wa a ramin filashi ta riƙa fitar da sauti.

"Ƙaramin ma ya isa," in ji shi. "Bai fi yatsa ba."

Ƙaramin ya ishi kowa, ban da ni. Abin da ba a sani ba a gidan shi ne ni ma ina buga gem. Wani na yaƙi ne da yayana ya saka. Wata rana na buɗe don in ga abin da ke sa ƙato kamarsa ihu, shi ke nan na faɗa. A gem ɗin kunne ya fi ido aiki. Dole ka ji takun wanda ke bayan bango, ta hagu yake ko ta dama, kusa ko nesa. Na karanta cewa akwai sawun kad da ke rarraba sauti ya zagaye ka, shi zuciyata ta kwanta a kai.

Abin da na ce wa mahaifina kuwa shi ne malamanmu suna turo darasi a murya, kuma ƙaramin ba ya fitar da magana sosai. Bai ko ɗago ba.

"In dai karatu ne, Malama, zaɓi wanda ya fi."

Malama yake kirana tun ina firamare, saboda ba a ganina sai da littafi.

Sati biyu na yi ina zaɓe. Na ja layuka a bayan littafin lissafina, na jera iri tara. Wanne ne ke yin shuu idan an yi shiru, wanne ne sai an saka masa manhaja, wanne ne jikinsa ƙarfe, wanne ne roba, wanne ke da abin murɗawa na ƙara murya. Ranar da yayana ya raka ni kasuwar Dugbe na fito da littafin a shagon mutane ina jero tambayoyi, ban tsallake ko ɗaya ba. Mai shagon ya dubi yayana ya ce, "Oga, dis your sister na engineer?"

Yayana ya yi dariya har da riƙe ciki. "Duk wannan don ki ji tarin lakcara?"

Na ce eh.

Na ɗauki mai jikin ƙarfe, mai ramin fitar da sauti biyu, ɗaya na hedifon, ɗaya na sifika, kuma duka biyun suna magana lokaci guda. Hujjata mai kyau ce, har yau ban janye ta ba: yawan sokawa da zarewa ne ya kashe ramin farko. Da wannan, wayar 'yar sifikar da mahaifiyata ke kallon fim da ita za ta zauna a wurinta. In ina son sirri sai in kashe sifikar ta makunninta. Ban taɓa zama ban duba makunnin nan ba.

Wata uku kowa na sa mini albarka. Matan suka ce yanzu ko raɗa aka yi a fim suna ji. Yayana ya fi kowa murna, don a lokacin yana gab da samun abin da ya shekara yana roƙo. Mahaifinmu ɗan albasa ne a kasuwar Shasha, so yake ɗansa ya gaje shi, shi kuwa yayana ko warin buhun ba ya so. Burinsa ya buɗe ɗan shagon gem da kallon ƙwallo ta wajen Mokola. Mahaifiyata ta yi ta lallashi har mahaifina ya amince, ya ce bayan sunan da za a yi a gidanmu zai je ya ga shagon da idonsa.

Ƙanwar mahaifiyata ce ta haihu, a gidanmu take zaune. Ran jajibirin suna aka kawo hayar manyan sifiku biyu, aka kafa su a ƙofar gida suna fuskantar layi. Yayana ya zare wayar 'yar sifikarmu daga sawun kad ɗin, ya soka wata doguwa, ya bi da ita ta taga zuwa amfilifaya. Ya gwada da waƙa, sai aka ɗauke wuta. Ya bar komai a kunne kamar yadda duk muke yi, ya tafi neman kujeru. Ni duk ban san an yi ba, ina can baya an sa ni tsintar shinkafa.

Ya kamata in faɗi cewa a satin nan unguwar ba a natse take ba. An yi ta raɗe-raɗin wata hatsaniya a wata kasuwa, babu wanda ya ga komai, amma kowa ya ji daga wani. Wanda ya tashi a Sabo ya san irin wannan zaman. Kana cin tuwo kunnenka na waje.

Da gidan ya cika da mata, kowacce na tambayata yaushe za su zo nawa bikin, na sulale ɗakin yayana na turo ƙofa. Laftof na da caji. Na duba 'yar sifikar, a kashe take. Wayar da ke soke a sawun kad ɗin baƙa ce, ta 'yar sifikar ma baƙa ce, ban bi ta da ido ba. Na sa hedifon ya rufe kunnuwana ruf.

Ƙarfe huɗu saura kwata aka kawo wuta. Na ga fanka ta fara juyawa, har na ji daɗi. Wajen da nake a gem ɗin ya yi zafi, na murɗa abin ƙara murya.

Ban san ko minti biyu aka yi ko uku ba. Wani motsi ne ya ja idona ta taga. Na ga wata mata a guje, goyo na lilo a bayanta, takalmi ƙafa ɗaya. Na ga mai shayi yana jan ƙofar shagonsa. Na ce shi ke nan, abin da ake faɗa ya iso. Na zame hedifon, sai na ji harbi ya cika duniya, bango na rawa. Na ɗaga yatsana daga kan linzamin laftof ɗin. Harbin da ya fi ƙarfi ya tsaya.

Na rufe laftof ɗin. Na mayar da hedifon inda yayana yake ajiye shi. Na bi ta bayan mutane na shige ƙuryar ɗakin mahaifiyata, na ɗauki littafi.

Ragon suna ya tsinke igiya, sai magariba aka gano shi. Ƙullun waina ya kife. Yara biyu sun kusa awa a ƙarƙashin gado uwarsu na kuka a titi. Waɗannan yanzu dariya ake yi in an tuna. Wanda ba a yi wa dariya shi ne na Iya mai barkono, dattijuwar Bayarabiya da ke kasa kaya a bakin layinmu tun kafin a haife ni, wadda ba ta taɓa auna mini barkono ba ta ƙara gyara ba. Ta tashi gudu ta faɗa kwata, hannunta ya karye daga wuyansa.

An yi wa mahaifina waya cewa ana harbi a Sabo. Daga Shasha ya hawo okada, ya iso ko hula babu. Kafin nan an gano daga inda ƙarar ta fito. Ya sa aka kawo laftof ɗin tsakar gida, aka buɗe, ga gem nan, ga bindiga a allo. Yayana na tsaye, gumi bai bushe masa ba daga ɗaukar kujeru.

"Kai ne?"

"Ni na haɗa wayar, Baba."

"Ban tambaye ka waya ba."

Yayana ya ɗaga kai ya dubi mutanen da ke tsaye. Ni ina jikin labule. Ya ce, "Laftof ɗina ce."

"Ka kunna shirmenka ka fice, ka bar shi yana harbi shi kaɗai. A wannan satin! Mu da muke zaune a garin mutane!" Sai ya nuna ni. "Dubi ƙanwarka. Kayan karatu na saya wa Malama, kai ka mayar da shi abin tada unguwa. Wannan ne za ka tara 'ya'yan jama'a ka koya musu?"

Littafin na hannuna. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Idanu sun fi talatin a tsakar gidan nan. Na mayar na rufe.

Maganar shago ta mutu a ranar. Mahaifina ya ja shi suka je gidan Iya suka durƙusa gaban 'ya'yanta. Har hannun ya warke, yayana ne ke zuwa kasuwar Bodija da sassafe ya ɗauko mata kaya ya kasa mata, daga nan ya wuce Shasha. Samarin layi suka sa masa suna Kwamanda, in ya wuce su ƙame su sara masa. Ni kuwa aka damƙa mini laftof ɗin gaba ɗaya, wai a hannuna ta fi tsira.

Na samo wa kaina abin jingina. Ai ya buga gem ɗin da safe, na gan shi. Wataƙila shi ma ya ɗauka shi ya bar shi a kunne. Da wannan na kwana na tashi shekara shida. Na gama jami'a da laftof ɗin da sawun kad ɗin, kuma abin takaici, bai taɓa ba ni matsala ba. Zaɓina dai ya yi kyau.

Yau babu wanda bai san ni ce ba a gidanmu, 'ya'yan yayana ma ni suke sara wa. Ina taya su dariya, amma ba ta kai mini ciki. Na daɗe ina ɗaukar shiruna a matsayin kunya, mutane kuma suna ɗaukarsa a matsayin hali nagari, har ni ma na yarda da su. A tsakar gidan nan na gane cewa wani lokacin tsoro ne kawai, kuma wani ne ke ɗaukar nauyinsa. Ba ƙarar ce ke hana ni sakewa ba, wannan tsautsayi ne da ya haɗa mu biyu da masu wuta. Yadda na tsaya da littafi a hannu ana misali da ni, shi ne.

Wata Asabar bayan na fara aiki na hau mota zuwa Shasha. Na same shi a rumfarsa, don lokacin ya yi tasa, yana zaune kan buhu yana ware ruɓaɓɓu daga masu kyau. Na tsara maganar a hanya, da farkonta da ƙarshenta. Da na tsuguna gabansa duk ta watse.

"Yaya, ranar jajibirin sunan nan. Ni ce."

Bai daina aikinsa ba. Ya jefa albasa ɗaya a kwando, ya ɗauki wata ya matsa ta da babban yatsa.

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun da na shiga ɗakin. Ni na taɓa naɗe wayar hedifon a rayuwata? Na same ta a naɗe tsaf kamar za a mayar shago."

Na ce to me ya hana shi faɗa. Ya sallami wani mai baro da ya zo ɗaukar kaya. Sannan ya goge hannunsa a wando ya dube ni.

"Ba nawa ba ne da zan faɗa. Sati guda na yi ina kallon bakinki wajen cin tuwo, ina cewa yau za ta yi magana. Da na ga shiru na daina kallo. Ni na huce tuntuni, albasa ba ta cuce ni ba. Amma kin yi kuskuren rumfa, Malama. Baba ne bai sani ba, kuma yana gida. Tashi ki same shi kafin la'asar."