Gorar da Yaya Abarshi Ya Sauke

Yayana Abarshi bai taɓa iya cewa a'a ba, kuma har yau in na tuna abin da halin nan ya jawo mana sai raina ya ɓaci. Daga Damagaram babanmu ya kawo mu Gure muna yara, ya buɗe shago a ƙofar gida. Da ya rasu Abarshi ya gaji shagon, yana sayar da batir da kaset, yana ɗan taɓa gyaran rediyo. Ba ya zubar da komai. Ko guntun waya ya tsinta sai ya naɗe ya ajiye.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ya kafa parabol, wato faifan kamo tashoshin ƙasashen waje, a kan shago. Innarmu Yabawa kuwa ƙafafunta sun shanye, tana ɗakinta can ƙuryar gida. Ba ta taɓa zuwa Makka ba, ta kuma san ba za ta je ba. Abin da ta roƙa kawai shi ne ta ga tsayuwar Arfa da idonta, ko a tele ne.

Wayar parabol ba ta kai ɗakinta, wadda ya ƙara kuma awaki suka tauna. Sai Abarshi ya jawo wata tsohuwar bidiyo da ta daina jan kaset, ya jona ta da akwatin parabol, ya haɗa mata busta mai ƙara ƙarfin hoto da anten, wato eriya, a kan doguwar gora. Hoto ya riƙa bin iska yana faɗowa cikin ƙaramar telen Inna, ba waya ko ɗaya. Ranar da ta fara ganin Ka'aba ta yi kuka, ni ma na taya ta.

Sai dai hoton bai tsaya a katangarmu ba. Alhaji Inusa, maƙwabcinmu na baya, shi ya fara juyo anten ɗinsa wajen gorarmu, sauran suka bi. Wata da watanni suna kallo a ɓagas, babu ko sannu. Har aike ake yi a ce a maida ƙwallo, yayana ya tashi jiki na rawa ya maida.

Gab da babbar salla, wani mai zaman shago ya latsa wata tasha da mata ke rawa, hoton ya faɗa falon Alhaji Inusa a gaban surukansa. Bayan la'asar sai ga shi da dattawan unguwa, wai Abarshi yana aika ɓarna cikin gidajen mutane, a sauke gorar nan. Mutumin da ya tsaya a Arfa da ƙafarsa, ya kuma san don wa aka kafa ta!

Na ja Abarshi cikin zaure na ce, "Yaya, ka ce ya juya anten ɗinsa mana. Wa ya gayyace shi?"

"Dija, sa'an Baba ne. Ba zan yi sa-in-sa da shi a gaban mutane ba."

Da hannunsa ya sauke ta. Ya shiga ya durƙusa gaban Inna, ya yi mata alkawarin zai sa a kawo doguwar waya daga Damagaram, a binne ta a ƙasa. Wayar ba ta iso ba.

Ranar Arfa na ce a kori kowa daga shago a kai Inna can ta kalla. Ta harare ni. "Da tsufana za a cicciɓe ni kamar buhu a ajiye a bakin titi? Kunna mini kawai." Na kunna. Ta wuni da azumi a gaban telen da babu komai a cikinta sai yayyafi da shuuu, tana jan carbi. Da aka sha ruwa ta ce mu bari sai baɗi. Ba ta kai damina ba.

Wurin zaman makoki Alhaji Inusa ya fi kowa tsawaita addu'a. Ina kai ruwa zaure na ji ya matsa kusa da Abarshi yana raɗa, wai gasar kofin duniya ta kusa, ko za a maida gorar nan, in dai za a riƙa lura da tasha. Na tsaya da kwano a hannu, ina jira ko sau ɗaya yayana ya buɗe baki.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Alhaji."

Kafin a yi sadakar arba'in gora ta koma sama. Na shiga share ɗakin Inna na kunna telenta, hoto ya fito tangaran.