Kiɗan da Ba Ya Fita a Waya

Sharaɗi ɗaya Inna ta gindaya wa ɗan hayarmu ranar da ya shigo da kayansa ɗakin da ke kusa da zaure: ba ta son kiɗa a gidanta. Ta faɗa tana kallon baƙin akwatin da ya rungumo da doguwar jitar da ke rataye a bayansa. Mutumin kudu ne, yana aiki a wani shagon tayil a Abuja, ranar Lahadi kuma yana kaɗa jitar bes, wato mai kaurin murya, a cocinsu da ke Madalla. Ya rusuna ya ce, da Hausarsa ta kasuwa, "Hajiya, sauro ma zai fi ni ƙara."

"Za mu gani, Mai Garaya," in ji Inna. Da haka ta ci gaba da kiransa.

Ya cika alkawari. Akwatin nan amfilifaya ne, shi ke fito da sautin jitar. A fuskarsa akwai ramuka biyu kusa da juna, ɗaya na hedifon, ɗaya na haɗa wayar hannu idan ana so a bi waƙa. Da zarar an cusa hedifon sai sifikar ta yi shiru, kiɗan ya koma kunnen mai kaɗawa shi kaɗai. Ya cusa nasa tun ranar farko, ya bar shi a nan shekara da shekaru, domin cocin na da nata babban akwatin.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da nawa. A lokacin na gama sakandare ina zaman jira, ba ni da aiki sai karanta littattafan soyayya da nake haya a kasuwa. Duk Asabar bayan la'asar ina kwance da littafi a hannu sai in ji ya fara. Ba kiɗa nake ji ba, busasshen motsin yatsu ne a kan kauraran tsirkiyoyi, ɗas, ɗas, ɗas. Sauran ni nake cikawa da zuciyata. Na sha ajiye littafin a ƙirji in tsara mana labari, da irin kalaman da samarin littafi ke yi a ƙarƙashin bishiya. Shi kuwa iyakarsa da ni, "Malama, ina kwana," sai ya wuce ya nemi mota.

Sau ɗaya na taɓa jin kiɗan na gaske. Inna ta aike ni in kai masa naman Sallah, na tarar yana kaɗawa, ƙofa a buɗe. Ya ga yadda nake kallon hedifon ɗin, ya cire ya miƙo mini daga inda yake zaune. Na ɗora a kan hijabina ina tsaye a bakin ƙofa. Abin da na ji bai tsaya a kunne ba, ƙirjina ya sauka, kamar wani abu mai nauyi yana taka ƙasa a hankali a cikina. Ya yi dariya ya ce, "Wannan ba ya fita a waya, Malama. Bakin waya ya yi masa kaɗan." Inna ta ƙwala mini kira na ajiye na tafi.

A wata damina ya rasu. Motar hayar da ya shiga da safe ta yi karo da tirela kafin su fita Madalla. A ranar ya zare hedifon ɗin ya sa a jaka, wai zai kai a sake masa soson kunne, kuma ba a same shi cikin kayan da aka tsinto ba. Mutanen cocinsu suka kai gawarsa garinsu. Inna ta sa kwaɗo a ɗakin.

Asabar ta zagayo, bayan la'asar na ji ɗas, ɗas, ɗas a bangon. Na gaya wa Inna, ta ce kwano ne ke yoyo, in yi addu'a in rage karatun banza. Na yi addu'ar. Ban daina ji ba.

Bayan wasu makonni mahaifiyarsa ta zo kwasar kayansa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce cikin baƙin zane. Ta taɓa zama a Arewa da ƙuruciyarta lokacin da mijinta ke aikin jirgin ƙasa, don haka Hausarta ta fi ta ɗanta daɗi. Kafin azahar ta gama ɗaure komai. Jitar da akwatin ta ce ta bar wa coci, za su zo da mota bayan la'asar su ɗauka, su kuma sauke ta a tasha.

Sai ta zauna a bakin katifar ta kwance haɓar zaninta ta fito da wayarsa. Gilashin ya tsage amma tana aiki. Ta kunna wata waƙa, muryoyin mata da maza suka tashi, da ganga, da fiyano.

"Abokansa sun ce yana cikin wannan," ta ce wa Inna. "A nan Arewa ya koyi abin, ban taɓa ganin yana yi ba. Kullum sai na kunna. Ina jin mata, ina jin mai ganga. Hajiya, ina ɗana yake?"

Inna ta dube ni. Na karɓi wayar na kara a kunne. Gaskiyar tsohuwar ce, babu shi.

"Mama, yana nan," na ce. "Wayar ce ba ta iya fito da shi. Sai a wancan akwatin."

Akwai wuta ranar, amma hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kuma kowa a unguwarmu ya san iska na tasowa za a ɗauke ta. Na jona akwatin, ɗan jan fitilarsa ya kama. Na ɗauko siririn kebul ɗin da yake rataye a ƙusa, na cusa kai ɗaya a akwatin, ɗaya a wayar, na kunna. Shiru. Na murɗa maƙarin sauti har ƙarshe. Ko huci babu. Fitilar kawai ke kallonmu.

Inna ta leƙa waje ta kira mai gyaran rediyon da ke bakin layinmu. Dattijo ne, taubashinta, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. Ya shigo da jakar kayan aikinsa yana cewa, "Hajiya, ashe gidan gala kika buɗe ba a gayyace mu ba?"

"Kai dai ka yi abin da ya kawo ka. Rediyona da ka ƙarasa bara ban manta ba."

"Wannan rediyon ai tsufa ya kashe shi, sa'anki ne."

Da ya ga baƙuwar da baƙin zanenta sai ya sauke murya, ya yi mata ta'aziyya, ya tsuguna gaban akwatin. Ya rage sautin da na murɗe, ya fito da wani tsohon hedifon nasa mai ɗaurin salatif, ya cusa, ya saurara.

"Da rai," ya ce. "Ciki yana aiki."

Tsohuwar ta miƙa hannu biyu. Ya ɗora mata a kai. Muka zuba mata ido. Fuskarta ta buɗe, sannan a hankali ta rufe.

"Suna waƙa daga cikin rijiya," ta ce. "Shi ba ya nan."

Na karɓa na saurara. Waƙar ce, amma an kwashe tsakiyarta. Mai ba da waƙa ta ɓace, sai amon muryarta can nesa, 'yan amshi kamar suna bayan wani dogon bango. A ƙasa, inda ya kamata in ji wannan takun mai nauyi, fili ne fetal. Ban taɓa jin abin da ya yi kama da ɗakin da aka fitar da gawa kamar wannan sautin ba.

Mai gyaran ya ce matsala biyu ce, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya zare wutar, ya kwance bayan akwatin, ya haska da tocilan. Ya nuna mana wani ɗan harshen ƙarfe a bayan ramin hedifon. Ya ce idan an cusa hedifon, harshen yana ɗagawa ya yanke sifika, idan an zare ya koma ya haɗa. Wannan ya daɗe a ɗage har ya sandare, ga tsatsar damina ta hau shi.

"Ya manta hanyar komawa," ya ce. "A wurin akwatin nan, har yanzu akwai mai saurare da hedifon a kansa."

Na dubi kujerar robar da marigayin ya saba zama a kai, ban san lokacin da na matsa kusa da Inna ba.

Ya naɗa auduga a tsinken ashana, ya tsoma a sifirit, ya goge ƙarfen har audugar ta yi ja. Ya sa bakin ƙaramin sukundireba ya danna harshen a hankali. Ya yi ta cusa kan hedifon yana zarewa, yana cusawa yana zarewa, yana kasa kunne. Iska ta fara kaɗa labulen ƙofa.

"Ka yi sauri mana," in ji Inna.

"Hajiya, ke da kika hana shi magana shekaru, yau kuma ke ce mai gaggawa?"

Inna ta juya ta kama labulen da iska ke kaɗawa.

Ya mayar da murfin, ya jona wuta. Sifikar ta yi ɗan gurnani, karon farko a gidanmu. Na kunna waƙar, sai muryoyin rijiyar nan suka cika ɗakin, ga su da ƙarfi amma babu jiki. Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Mai gyaran ya canza kebul da nasa, bai sake zani ba. Ya juya kan, ya hura ramin, ya goge. Ya ce watakila haka aka ɗauki waƙar tun asali, ko kuma haɗarin motar ya taɓa wayar.

A nan muka ji hon a ƙofar gida. Mutanen cocin ne, maza biyu. Inna ta fita ta shimfiɗa musu tabarma a zaure, na ji tana cewa su yi haƙuri su sha ruwa, ba a gama ba. Tsohuwar ta fara gyara ɗaurin zaninta. Ta ce, "Ku bar shi, 'yata. Kun yi ƙoƙari."

Ina riƙe da wayar ina jujjuya ta, ban son in miƙa. Tana cikin wata baƙar rigar roba mai kauri, wadda ita ce ma ta hana ta farfashewa. Sai na tuna ranar naman Sallah. Wayar tana kan akwatin tsirara, rigar kuma tana kan taga. Na sha ganin rigar a kan tagar nan duk Asabar idan na wuce, ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Na duba inda kebul ɗin ya shiga. Robar ta tokare shi, saura ɗan siririn ƙarfe a waje. Na ce, "Mama, zan cire mata riga." Ta ɗaga kai. Na ɓare robar da ƙyar, wasu ɓarɓashin gilashi suka zubo a tafin hannuna. Na sake cusa kebul ɗin, ya shige har ƙarshe da ɗan ƙara, ƙyas.

Mai ba da waƙa ta dawo tsakiyar ɗakin. A ƙarƙashinta kuma, ga shi.

Gilasan taga suka ɗauki rawa. Daga can cikin gida na ji kwanukan Inna suna amsawa a cikin kabad. Mutanen da ke zaure suka taso suka tsaya a bakin ƙofa, ɗayansu ya cire hularsa.

Tsohuwar tana waige-waige. "Wanne ne? Wanne ne shi?"

Na kama hannunta na ɗora a kan ragar sifikar. Ta zabura kamar za ta janye, sai ta bar shi. Ta sauko daga katifar ta zauna a ƙasa, ta ɗora ɗaya hannun, sannan ta jingina ƙirjinta da akwatin gaba ɗaya. Inna ta dawo ta tsaya a bayana. Ta taɓa kafaɗar mai gyaran ta ce, "Ƙara masa."

Ya ƙara.

"Haka yake tafiya," tsohuwar ta ce, idonta a rufe. "Tun yana ƙarami. Ba ya sauri, amma kana ɗaki za ka san shi ne ya shigo."

Waƙar doguwa ce, irin tasu ta coci da ake maimaita baiti. Mun kusa kai ƙarshenta iska ta bugo da ƙarfi, jan fitilar ya mutu, sautin ya yanke a tsakiyar amshi. Wayar ta ci gaba da ƙirga lokacinta ita kaɗai. Na ce bari in roƙi maƙwabta janareto. Tsohuwar ta girgiza kai, ba ta ɗago daga jikin akwatin ba.

"Na ji shi," ta ce.

Ruwa ya fara sauka kafin a gama loda kaya. Ɗaya daga cikin mutanen ya rungumi jitar, ɗayan ya kama hannun akwatin, na tallafa masa ta ƙasa don kada ya bugi dokin ƙofa. Inna ta kawo ledar shimfiɗa aka rufa masa. Har muka kai bakin mota, bayan akwatin yana da ɗuminsa, irin ɗumin wurin da mutum bai daɗe da tashi ba.